Ranar da Ilu Mai Yasa Ya Hau Famfon Iska

Duk wanda ya sha ruwan rijiya tsakanin Ɗanzomo da Maigatari a shekarun nan, to ya sha gumin Ilu Mai Yasa, ko ya sani ko bai sani ba. Sana'arsa ke nan tun yana saurayi: a ɗaura masa igiya a ƙugu, a zura shi cikin rijiya, ya kwashe taɓo da ruɓaɓɓun gugogi da duk tarkacen da shekara ta zuba, ya buɗe wa ruwa ido, a jawo shi sama yana ɗiga. Gajere ne kakkaura, ga faɗin kafaɗa, ga murya kamar daga cikin randa take fitowa. Rijiyar da samari ke leƙawa su ja da baya suna salati, shi da 'yar waƙarsa yake shigarta.

Amma fa a ce ya taka tsani! Nan ake ganin ikon Allah. Mutumin da ke sauka gaba ashirin da wani abu cikin duhu, ba ya iya hawa katangar gidansa. Ko gero za a ɗebo daga rumbu, sai dai matarsa Laure ta roƙi maƙwabta. Takan ce masa, "Maigida, in ka ga dama ka hau turmi ma, ni zan riƙe maka ƙafa." Shi kuwa ya harare ta ya ce wanda zai faɗo ai daga sama yake faɗowa, bai taɓa jin wanda ya faɗo daga gindin rijiya ba.

Garinsu, Garin Cindo, sunan ubansa ya ci. Cindo mahaƙin rijiya ne, shi ya fara saran daji a wurin, kuma rijiya huɗu ya haƙa kafin ya kwanta dama. Uku sun mutu a gaban idon Ilu. Ta farko aka ce aljanu ne suka toshe ta, wai wata ta wanke tukunya a bakinta da almuru. Ta biyu aka ce rigimar gado ce ta kore mata albarka. Ta uku kuwa ba a ma wahalar da baki ba, aka ce kwananta ne ya ƙare. Duk wadda ta mutu, sai mutane su kwashe danga da jinka su matsa kudu kaɗan, su ci gaba da harkarsu. Ta huɗun ce ta rage, ita ce ran garin, kuma Ilu yana sonta so na haƙiƙa. Ranar da Cindo zai cika bai yi maganar gona ba, bai yi ta gida ba. Hannun Ilu ya kama ya ce, "Kada ka bari ta mutu a hannunka."

Sai farin shekarar saba'in da uku ya zo, ruwan sama ya ɗauke. Wanda ya gani ya gani, ba sai an tsaya yi masa bayani ba. Gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Shanu suka riƙa gangarowa daga Damagaram suna zubewa a hanya, mutanen tsallake, waɗanda tsofaffi ke kira mutanen Faransa har lokacin, suka cika bakin rijiya da salkunansu. Rijiyar Cindo ta ja ƙasa sosai, amma ba ta ƙafe ba. Ilu ya yi ta shiga yana fita a shekarar nan har fatar ƙugunsa ta saɓule.

Da shekara ta zagayo, sai ga motar gwamnati daga Kano, shaƙe da ƙarafa. Wanda ya jagorance ta wani malamin daji ne ɗan Gumel, Malam Ƙasimu, siriri mai ladabi, ba ya wuce dattijo bai rusuna ba. Aka taru a ƙofar mai gari, ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, hamada ce ke tahowa. Gwamnati na so a dasa itatuwa a jere ta arewa, daga nan har bakin iyaka, su tare ta. Dashe kuwa sai da ruwa. Wannan famfo da muka kawo ba ya shan mai, ba ya cin dusa, iska ce ke juya shi. Rabin ruwan naku ne, rabi na dashe."

Haladu ne ya fara tanka masa. Haladu mai garke ne, yana kai shanu kasuwar Maigatari, kuma bakinsa ya fi garken nasa yawa. Ya ce, "Malam, hamadar nan a ƙafa take tafe ko a raƙumi? Mu dai nan aka yanke mana cibi, ba mu taɓa gamuwa da ita a hanya ba." Aka kwashe da dariya. Ya ƙara da cewa, "Kuma don Allah a ina aka taɓa shayar da itace alhali sa na tsaye yana kallo?"

Ilu bai yi dariya ba, don shi abin da ya ji daban ne. Ya ji an ce za a rufe bakin rijiya da siminti, a bar 'yar ƙofar ƙarfe a sa mata kwaɗo. Ya miƙe ya ce, "Yaro, rijiya numfashi take yi. Ka toshe mata baki, ka zura mata ƙarfe a ciki, ka ce taimakonta ka zo yi?" Mai gari ya ɗaga masa hannu ya ce magana daga sama ta zo, ba a ja da ita. Aka watse kowa na gunaguni.

Aka kafa abin. Doguwar hasumiya ce ta ƙarfe mai ƙafa huɗu, ta fi duk wata kuka da ke yankin tsawo, a ƙolinta wani ƙaton faifai mai fukafukai, da wutsiya a bayansa. Ranar da aka gama, duk garin ya fito, har masu cewa ba za su zo ba, su ne ma a gaba. Aka yi ta jira shiru. Can da hantsi sai iska ta motsa. Wutsiyar nan ta juya da kanta, ba wanda ya taɓa ta, ta kai fuskar faifan daidai inda iskar ke fitowa. Fukafukai suka fara tafiya a hankali, sandar ƙarfe ta shiga sauka da hawa cikin rijiya, bututu ya yi tari sau biyu, sai ga ruwa. Ruwa, jama'a! Ba guga, ba igiya, ba takarkari, ba wanda ya ce wash. Tsohuwa A'i, wadda jan guga ya karkatar mata da baya tun tana amarya, ta zauna daɓas a ƙasa tana salati tana hawaye.

Ilu ya matso ya tara hannu. Sanyin ruwan ya sani, ɗanɗanonsa ya sani, ruwan ubansa ne, ga shi kuma iskar da ke kaɗa masa riga ce ta hau da shi daga inda shi kaɗai yake zuwa. Abin ya burge shi, ya kuma ba shi tsoro, ya ji haushin kansa da ya burge shi. Ranar ko tuwo bai iya ci ba.

Daɗin bai daɗe ba. Da bazara ta kama, iska ta fara halinta. Wata rana ta kwanta ɗif, faifai ya tsaya yana kallon mutane, tanki ya yi ƙasa, mata su yi cirko-cirko da tuluna, ga rijiya a ƙarƙashin ƙafarsu ba halin zura guga. Duk da haka da yamma sai ka ga leburorin Malam Ƙasimu da garewani suna shayar da 'ya'yan darbejiya cikin baƙar leda. Kai, wannan abu ya ci wa mutane rai! Wata rana kuma iskar ta taso kamar an aiko ta, famfo ya yi ta zuƙa ba tsayawa har ruwan ya fara fitowa ja. Ilu ya kwanta rub da ciki a kan simintin ya kara kunne, ya ji rijiyar na wani irin gurnani da bai taɓa ji ba. Ya tashi da tabbacin cewa in aka ci gaba a haka, idon ruwan zai rufta.

Bayan la'asar dattawa suka haɗu a bayan masallaci, ba da sanin mai gari ba. Haladu ya ce shi ya gano maganin abin. "Raƙumi in ya fiye yawo me ake masa? Dabaibayi. A hau a ɗaure fukafukan nan da igiyar guga. Mutanen gwamnati in suka ga abu ya tsaya, cewa za su yi ya lalace, su kwashe kayansu su ƙara gaba. Mu fasa siminti mu koma gugarmu." Kowa ya ce wallahi dabara ta yi. Ashe a gindin hasumiyar akwai wani ɗan ƙarfe da ko A'i za ta iya ja faifan ya tsaya cik. Kullum suna wucewa ta gabansa. Amma mutanen da suka tashi cikin dabbobi, in abu na motsi, igiya kawai suke tunani, kuma girman kai ya hana kowa tambaya.

Saura wa zai hau. Nan kowa ya tuna da ciwon gwiwarsa. Samari suka ce su ba za su kwana a gidan yari a Gumel saboda ƙarfe ba. Haladu ya juyo ya dubi Ilu ya ce, "To ai rijiyar da mai ita. Ko wasiyyar Cindo a fatar baki ta tsaya?" Maganar ta soki Ilu har ƙashi. Ya ce, "Ni zan hau." Wani ya yi dariya, ya ga fuskarsa, ya haɗiye ta.

Aka sa ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, don Malam Ƙasimu yakan tafi can da sassafe. Da aka idar da sallar asuba gari ya yi haske, iska ba ta farka ba tukuna, Ilu ya fito da igiya a kafaɗa. Laure ta biyo shi har ƙofar gida, yau ba tsokana a bakinta. Ta ce, "Maigida, ka dubi girman Allah ka bar abin nan." Ya ce, "Na riga na faɗa a gaban maza."

Hawan nan, ba a magana. Ƙarfen ya yi sanyi, tafin hannunsa na gumi. Ido a rufe ya yi yawancinsa, yana lalube yana karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Mutanen da ke ƙasa tun suna ba shi ƙarfin gwiwa har suka yi tsit. Da hannunsa ya taɓa ɗan dandamalin katakon da ke ƙarƙashin faifan, sai ya ja jiki ya hau, ya rungume ƙarfe, ya daɗe a haka yana haki. Sannan ya buɗe ido.

La'ilaha illallahu! Ashe haka duniya take? Shekara hamsin da ɗoriya yana yawo a ƙasar nan, bai taɓa ganinta ba sai yau. Rana na ɓullowa, ga hanyoyi sun miƙe ta ko'ina, ayarin shanu da raƙuma da jakuna duk sun nufi Maigatari, rufin kwanonta na walƙiya can nesa. Ta kudu ga Ɗanzomo, ga gawo da kuka jefi-jefi cikin gonaki. Garinsu kuwa, garin da ake rigima a cikinsa kamar ba gobe, tafin hannu ɗaya zai rufe shi. Ya gano gidansa da ƙyar, ya ga wani ɗigo a ƙofa, ya san Laure ce. Tsoron ma ya manta da shi, ya saki baki yana tasbihi.

Sai ya juya arewa, murna ta koma ciki. Ta can ba gawo, ba kuka, ba ko kalgo. Fari ne fat har inda ido ya ƙare. Kuma farin nan ba a zaune yake wuri ɗaya ba, ya zuro wani dogon harshe na yashi ya nufo garin kai tsaye. A ƙasa in kana tafiya, jigawa ce kawai irin wadda aka saba takawa, ba ka ganin tana da gaba da baya. Daga nan sama kuwa ko makaho aka kwatanta wa zai gane inda ta dosa.

A cikin harshen nan ya hango wani ɗan lotsawa, da guntayen katanga kewaye da shi. Ya gane wurin, kufan rijiyar farko ne. Ya matso da ido kaɗan, ga na biyu. Ya ƙara matsowa, ga na uku, yashi bai gama cinye shi ba. A jere suke reras, kamar sawun mutum mai tahowa, kuma sawu na gaba a ƙarƙashin ƙafarsa zai sauka. Ba aljanu, ba rigimar gado, ba ƙarewar kwana. Abu ɗaya ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya binne, su kuwa suna ta matsawa kudu suna ba shi hanya. Bakin yashin har ya taɓa dangar garken Haladu. Tsakaninsa da rijiya ba komai sai wani ɗan fili kore shar, bai fi shimfiɗar tabarma ba daga nan, wato dashen Malam Ƙasimu da ake zagi.

Yana cikin wannan sai ya ji sanyi a ƙeyarsa. Iska ta farka. Wutsiya ta yi ƙara ta fara juyawa a kansa, fukafukai suka motsa. Daga ƙasa Haladu ya ɗaga murya, "Ɗaure shi, Ilu! Yanzu, kafin ya yi ƙarfi!" Igiyar na kafaɗarsa, fiffike na wucewa dab da hannunsa a hankali, jifa ɗaya ya isa. Ilu ya dubi fiffiken, ya dubi arewa. Ya bar na farko ya wuce, ya bar na biyu. Faifan ya ɗauki gudu, hasumiya ta shiga rawa a ƙarƙashinsa, ya ji sandar ƙarfe ta nutsa ta taso, can ƙasa ruwa ya fara zuba cikin tanki. Ya ƙanƙame ƙarfe yana kabbara, hawaye na bin gemunsa.

Saukowar ta fi hawan wuya, amma ya sauko, da igiyarsa yadda ya hau da ita. Aka yanyame shi. Ya ce, "Jama'a, yaron nan gaskiya ya faɗa. Hamadar tana tahowa. Na ga inda ta bi ta ci rijiyoyin Baba, tamu ce a gabanta." Sai Haladu ya tuntsire da dariya. "Jiri ne ya ɗebe shi! Mutumin da ba ya hawa turmi, me ba zai gani ba a can?" Ilu ya miƙa masa igiyar ya ce, "Ga tsani nan, hau ka gani. Ta iso dangarka." Haladu ya ce shi ba biri ba ne. Duk taron nan ba wanda ya hau, ranar ko bayanta.

Daga nan Ilu ya zama abin nuni. Aka ce tsoro ya taɓa masa kai, aka ce gwamnati ta saye shi, aka daina matsa masa wuri a majalisa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don mutum ne mai son jama'a. Da Malam Ƙasimu ya dawo, Ilu ya je da kansa ya faɗa masa duk abin da aka ƙulla, bai ambaci sunan kowa ba sai nasa. Malamin ya riƙe baki, sannan ya kai shi gindin hasumiya ya nuna masa ɗan ƙarfen nan. Ya ce, "Baba, ai da kun tambaya. In ruwa ya fara ja, ka ja wannan, rijiya ta huta." Ya ciro makullin ƙofar ƙarfen ya ba shi, ya ce ran da iska ta ƙi, a buɗe a zura guga. Ilu ya daɗe yana kallon ƙarfen, bai san dariya zai yi ko kuka ba.

Da damina ta sauka aka fara dashe ta arewa, Ilu da Laure ne kaɗai 'yan gari a cikin leburori, kuma su ba a kan lada suke yi ba. Awaki suka cinye, suka sake dasawa suka kewaye da ƙaya. Rani ya kashe rabi, suka cike gurbin. Mutumin da ya ƙi a rufe rijiya saboda itace, shi ne yanzu ke ɗaukar ruwanta a kafaɗa yana kai wa itace, mutane na zaune a inuwa suna cewa Allah ya ba shi lafiya.

Famfon kansa bai yi tsawon rai ba. Wajen saba'in da takwas wani abu ya karye a kansa, aka ce za a kawo sabo daga Kano, an kuma canza wa Malam Ƙasimu wurin aiki, shi ke nan ba a sake jin labari ba. Haladu ya samu abin da yake so, aka fasa siminti aka koma guga. Sai dai a lokacin darbejiyar ta riga ta wuce tsawon soro, layi bayan layi, in iska ta taso daga arewa sai ka ji tana shuu a cikinsu kafin ta iso gari a gajiye.

Rijiyar ta yi rani guda baki buɗe. Gab da damina aka ce ruwan ya canza, a nemo mai yasa. Ilu ya tsufa, amma ya ce ba wanda zai shiga sai shi. Cike da fargaba aka zura shi, don ya san abin da rani guda ke zuba wa buɗaɗɗiyar rijiya a garin nan: yashi, kwando bayan kwando, har ya rufe idon ruwa. Ƙafarsa ta taɓa ruwa, ya sunkuya ya luma hannu har kafaɗa. Ya ji laushi. Ya damƙo ya ɗaga wajen ɗan hasken da ke saukowa. Ganye ne. Ya sake lalubawa ta wancan gefen, ganye. Idon ruwan kuwa na nan a buɗe, yana motsi a tafin hannunsa.

Ya cika kwando ya girgiza igiya aka ja. Jim kaɗan sai ga muryar Haladu ta gangaro, tana amsa kuwwa a jikin bango. "To ga aikinka nan, Ilu! Ganyen itatuwanka ne suka ɓata mana ruwa. Ɗaci yake yi, ko shanu sai sun yi shawara suke sha!"

Ilu na tsaye cikin ruwa har ƙugu, shi kaɗai, farin ciki ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce a hankali, "Baba, tana nan da ranta." Ya kamfato ruwan da hannu biyu ya kurɓa. Wallahi Haladu bai yi ƙarya ba, ɗaci ne da shi har maƙogwaro. Ya sake kamfatowa ya sha.